Sunaye Biyu a Ƙasan Shafi Ɗaya

Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu, idan ɗalibi ya ce a sanya masa madogara a ƙasan shafi, maɓalli ɗaya kuke dannawa. Lamba ta hau sama da kanta, layi ya ja kansa, rubutu ya matsa ya ba ta wuri. Shi ya sa idan na ce muku na yi shekaru ina ci da iyalina da wannan ɗan rubutun na ƙasan shafi, sai ku yi murmushi, kuna ganin tsoho ne ke kambama abin da bai kai ya kawo ba. To ku gyara zama. Ni Isiyaku ban yi wata sana'a ba a rayuwata sai buga takardu da tafireta, wato keken rubutu, kuma a cikin bugun ma, abin da aka san ni da shi daga Tudun Wada har Kiru shi ne kundin ɗaliban tarihi da na adabi, irin wanda kowace magana sai an nuna inda aka samo ta a ƙasan shafi.

A Tudun Wada na koya, wajen Baba Bitrus. Shi tsohon akawu ne a wurin haƙar kuza na Riruwai. Da aikin kuza ya fara mutuwa aka sallame su, ya sauko da iyalinsa da wata baƙar tafireta mai nauyin tsiya, ya kama shago kusa da tasha. Ni kuma na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurinsa. Na daɗe ban buga ko harafi ɗaya ba. Aikina wanke haruffa da tsohon buroshin haƙori da kananzir, da tsokale tawadar da ta daskare a cikinsu da allura, da ɗiga man keken ɗinki a inda ya nuna min. Baba ba ya faɗa, ba ya zagi. Idan ka ɓata aiki, sai ya zare takardar a hankali, ya ajiye ta a gabanka, ya miƙo maka sabuwa. Na sha fatan da ma dukana ya yi.

Shafin farko mai bayanin ƙasa da ya bari na buga na wani malamin firamare ne daga Doguwa, wanda ke rubutu a kan kafuwar garinsu. Na zauna na zuba rubutun sama tsaf, ba kuskure ko ɗaya, ina ta jin daɗin kaina. Da na gangaro ƙasa, madogarai uku ke jirana, wurin da ya rage kuwa ko ɗaya ba zai ɗauka ba. Na matsa, na takura, layin ƙarshe ya karkace domin takardar ta kuɓuce daga ganga, wato robar nan da takarda ke naɗewa a kanta. Baba ya leƙo ya ce, "Isiyaku, mai wannan aiki daga ƙasa yake fara tunani. Kafin ka taɓa harafin farko, ka san wa da wa za su zauna a ƙasan shafin nan, ka share musu wuri."

Ga yadda ake share wurin. Za ka fara karanta rubutun hannun ɗalibi, ka ga ƙananan lambobi nawa ne za su faɗo a wannan shafi, ka ƙiyasta layin da kowane bayani zai ci. Sai ka sa wata takarda a bayan wadda za ka buga, gefenta ya ɗan leƙo, ka yi mata alama da fensir inda rubutun sama zai tsaya. Rubutun sama da tazara yake tafiya, na ƙasa a matse, tsakaninsu ɗan gajeren layi. Ita kuma ƙaramar lambar da ke maƙale a saman kalma, hannun hagu ne ke juya ganga rabin layi baya ya riƙe, na dama ya buga, sannan a mayar da ita daidai inda take. Ku tuna ba takarda ɗaya ce a cikin keken ba. Kwafi huɗu makaranta ke nema, don haka takardu huɗu ne da kabon, baƙar takardar nan ta fitar da kwafi, a tsakaninsu. Idan ganga ta ɗan zame, duk huɗun sun karkace. Idan ka yi kuskure, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka gyara, ka hura, ka jira ya bushe.

Kowane irin madogara kuma da tsarinsa, ba a saɓa masa. Idan littafi ne, sunan marubuci, sai sunan littafi a ja masa layi a ƙasa, kuma jan layin nan komawa baya za ka yi ka bi shi harafi-harafi. Sai a buɗe baka, garin da aka buga shi, maɗaba'a, shekara, a rufe baka, sai lambar shafi. Inda waƙafi yake ba a sa aya. Idan tsohuwar takarda ce daga gidan adana kayan tarihi, lambar fayil ɗin za ka kwafe kamar yadda take, ko da ba ka ga ma'anarta ba. Idan kuwa hira ce aka yi da mutum, abu biyar ake so: sunansa, shekarunsa, sana'arsa, wurin da aka yi hirar, da ranar. Malaman tarihi ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan. Maganar da ba ta da mai ita, da jan biro suke bi ta kanta. Bayan duk wannan, keken namu na Turanci ne, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Duk inda Ɗansoshiya ko Ɗanladi suka fito, sai an gama a bi kwafi huɗun da siririn alƙalami ana yi musu ƙugiya da hannu.

Akwai wata 'yar kalma ta Latin, ibid, ma'anarta wurin da aka ambata yanzun nan. Tana rage wahala, amma mayaudariya ce. Wata malama daga Bebeji ta kawo mana kundinta a kan waƙoƙin daka. Mun gama babi guda cif, sai ta dawo da murna wai ta samu wata tsohuwa da ta ba ta sabon baiti, a saka mata shi a tsakiyar babin. Ita a ganinta layi biyu ne. Saka shi ya sa duk lambobin da ke bayansa suka matsa, shafuka suka tunkuɗi juna, ibid ɗin da ke nuna littafi ya koma yana nuna tsohuwa. Da Baba ya yi mata bayani sai ta ce to a bar baitin. Ya ce, "Malama, tsohuwar ta san kin zo nan?" Ta ce ta sani, har ta ce a gaishe mu. Ya ce, "To ba za a bar ta a waje ba." Muka sake babin daga farko.

Da idon Baba ya fara rauni, ya tattara ya koma garinsu can wajen tsaunuka, ya bar min keken. Na ɗauko shi na dawo Kiru, kusa da gida, na kama shago. Masu kawo min aiki yawancinsu malaman makaranta ne da ke karatun digiri a lokacin hutu, daga Yako, daga Bebeji, wasu har daga Tudun Wada suke biyo ni. Mutane ne masu iyali, da alli a gefen riga, da rubutunsu a cikin leda don gudun ruwa. Su zauna a benci suna kallon hannuna kamar masu jiran haihuwa.

Sai shekarar nan ta zo, lokacin tsuke bakin aljihu, da kaya suka yi tashin gwauron zabo. Ribin, wato kirtanin tawada na keken, ya ɓace a kasuwa. Sai na riƙa warware tsohon daga wannan bango zuwa wancan, ina shafa masa tawadar hatimi da ɗigon mai, in naɗe in ajiye ya tsumu. Kabon kuwa sai ya zama kana hango mutum ta cikinsa, sannan in ɗora shi a murfin tukunya mai ɗumi don ragowar baƙin ya bazu. Takarda ta zama abin roƙo a ofisoshi. Ɗalibai suka fara datse aikinsu, ba don ya yi tsawo ba, sai don ba abin da za a buga shi a kai. Masu ɗaukar hira da rakoda, kaset ɗaya suke juyawa: su ɗauki tsoho, su kwafe abin da suke so a takarda, su ɗora wani tsohon a kansa.

A wannan shekarar Malam Hamisu ya kawo min aikinsa. Malamin firamare ne a Yako, dogo, mai sanyin magana, yana da wani tsohon babur da sai an tura. Kundinsa a kan burtali ne, hanyoyin shanu na yankinmu, yadda suke a da da yadda gonaki suka cinye su. Da Turanci ya rubuta, kamar yadda sashensu ya tanada. Aiki ne mai kyau, kusan kowane shafi da dattijo ɗaya ko biyu a ƙasansa. Ina cikin babi na uku na ga wata madogara ba shekaru, an kuma rubuta sunan da fensir. Na tambaye shi. Ya ce wani dattijon Bafulatani ne, Baffa Giɗaɗo, a wata ruga a gefen Ɗansoshiya. Ya manta bai tambaye shi shekarunsa ba, kuma yana shakkar ko a sakaya sunan, don maganar burtali ba ta rasa rigima.

Na ce masa ana yi, akan rubuta cewa wani dattijo ne da ya nemi a sakaya sunansa, amma sai in shi ya nema. Ya ce to ranar Asabar zai koma ya tambaye shi. Matata na son man shanu mai kyau, sai na ce ya goya ni.

Mun tarar da Baffa a gindin tsamiya, tsakanin rugarsu da wata 'yar unguwa ta manoma, ba shi kaɗai ba. Suna zaune a kan buzu ɗaya da wani dattijo mai suna Malam Ɗanjuma, ƙwaryar fura a tsakaninsu, ludayi ɗaya. Shi ma Malam Ɗanjuma yana cikin kundin, a shafi ɗaya da Baffa. Asalin garinsu yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Da aka tashe su, yawancin danginsa suka zauna a bakin ruwan suka koma kamun kifi da noman rani. Shi ya ce ba zai iya wayar gari kullum yana kallon ruwan da ya rufe kabarin mahaifinsa ba, ya kwaso wasu gidaje kaɗan suka yo nan, inda ba a hango ruwa.

Bayan gaisuwa mai tsawo, Malam Hamisu ya tambayi shekarun Baffa. Baffa ya ce shi bai ƙirga ba, amma shekarar da fara ta cinye gero yana bin maruƙa. Malam Ɗanjuma ya ce, "Malam, duk abin da ka lissafa ka ƙara masa. Ɗan Fulani ba ya faɗin gaskiyar shanunsa, ba ya faɗin ta shekarunsa." Baffa ya ce, "Kai da ka zo nan ba ka san bambancin sa da saniya ba." Suka yi ta dariya har da tari.

Da aka zo maganar suna, Malam Hamisu ya yi ta kewaye-kewaye. Baffa ya katse shi. "Abin da na faɗa maka ƙarya ne?"

"A'a, Baffa."

"To in ka ɓoye sunana, maganar ta zama ta wa? Rubuta. Giɗaɗo, makiyayi."

Malam Ɗanjuma ya ce, "Ni ma a sa nawa. A ƙarƙashin nasa, tunda ya girme ni, ko da yake ba ya so a sani."

Haka na buga shafin. A sama, bayanin Baffa na inda tsohon burtali ya bi: daga tsamiya, ya miƙe gabas ta kan tudu, ya gangara mashaya a rafi. Bayansa maganar Malam Ɗanjuma, cewa lokacin da suka zo sun tarar da wurin duk sawun shanu ne, ƙasar baƙa wuluk don taki. A ƙasa sunayensu biyu, ɗaya kan ɗaya, kowanne da abubuwansa biyar. A rubutun hannun, tsakanin maganganun biyu akwai wani sakin layi da malamin da ke duba aikin ya soke da jan biro, ya rubuta a gefe cewa a mayar da shi babi na gaba. Wannan ɓangaren na babi na gaba kuwa yana cikin abin da Malam Hamisu ya datse don rashin takarda. Mai tafireta ba ya buga abin da aka soke, ba ya ma karanta shi. Idonsa tsallakewa yake yi, kamar yadda ƙafa ke tsallake kwata.

Aiki ya yi kyau, aka ɗinke shi da baƙin bango, Malam Hamisu ya ci jarrabawarsa. Kwafi ɗaya ya ajiye a ofishin makarantarsu don malamai su amfana.

Da damina ta zagayo aka yi faɗa tsakanin wani matashin makiyayi da wani manomi, ba ma a unguwar su Malam Ɗanjuma ba, can gaba. Aka sari mutum, aka ƙone bukkoki. Bayan kaka aka turo kwamiti ya buɗe tsofaffin burtalan yankin gaba ɗaya. Matsalarsu ita ce kowa da inda yake nunawa. Sakataren kwamitin tare suka yi karatu da Malam Hamisu, ya san kundin, ya je makarantar ya aro shi. Ga bayani a buge, ga sunan mai shi, ga shekarunsa, ga rana. Ba su da wata hujja da ta kai wannan tsabta.

Lokacin da suka zauna, Baffa ba ya nan. Ya bi shanu kudu, wajen dazukan Doguwa, don bai taɓa yarda a bar shi a gida da rani ba. Malam Ɗanjuma ya tashi a gaban kwamiti ya ce ai Giɗaɗo ne da kansa ya ba su wurin. Aka buɗe shafin aka fassara masa. Aka ce ga maganar Giɗaɗo, bai faɗi haka ba. Aka ce ga ma taka a ƙasan tasa, kai da bakinka ka ce sawun shanu ka tarar. Matasan rugar da ke wurin suka sunkuyar da kai, ba wanda ya tashi ya gaskata shi. Aka ja igiya daga tsamiya zuwa rafi. Ta ratsa gonar Malam Ɗanjuma ta tsakiya, ta ɗauki rumbunansa da rijiyar da ya haƙa, ta bar masa ɗakunan kwana da wata 'yar kusurwa da ba ta isa shukar kuɓewa ba. Aka kafa duwatsun siminti.

Duk wannan daga baya na ji shi. Ni dai ina shago wata safiya, gab da faɗuwar ruwan fari, sai ga Malam Hamisu ya tsaya da babur, Baffa a bayansa da sandarsa a gicciye. Baffa ya rame. Ashe da ya dawo ya yi sallama a unguwar ba wanda ya amsa, matan rugar kuma suna kai nono suna dawowa da shi.

Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce, "Kai ne ka buga?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."

"Nuna min sunana."

Malam Hamisu ya buɗe nasa kwafin, na ɗora yatsa a kan layin. Baffa ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ɗora nasa yatsan a kan layin da ke ƙasa ya ce, "Wannan na Ɗanjuma ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Karanta min abin da na faɗa."

Na fassara masa a hankali, daga tsamiya har mashaya. Yana gyaɗa kai. Na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba."

Na ce, "Iyakarsa ke nan, Baffa."

"A'a. Akwai saura. Ci gaba."

Na dubi Malam Hamisu. Shi ƙasa yake kallo.

Baffa ya ce, "Ranar da mutanen nan suka zo, da tabarmi a ka, da yara suna kuka, ni na tare su. Ni na nuna musu kan tudun, don na san ƙasar ta sha taki tun zamanin kakana, za ta ba su abinci a shekarar farko. Na tara manyan ruga na ce daga yau shanu za su riƙa zagayawa ta bayan dutse. Da nisa, amma shanu ƙafa gare su. Aka yi fatiha a kai. Manyan nan duk sun rasu, ni na rage. Na faɗa wa malamin nan duka, na'urarsa tana juyawa. Ina ta shiga?"

Malam Hamisu ya ce kaset ɗin ya ɗora wata hirar a kansa tun bara. Ya zaro rubutun hannunsa daga leda, ya buɗe wurin. Ga sakin layin nan ƙarƙashin jan biro, kalma bayan kalma kamar yadda Baffa ya faɗa. Ranar ce na fara karanta shi.

Na ture aikin da ke gabana, na ɗauko ribin mafi dama a cikin waɗanda suka tsumu, na sake buga shafin. Da na mayar da sakin layin cikin rubutun sama, da sai ya nemi sabuwar lamba, duk na baya su matsa, kundin ya rikice. Amma ƙa'ida ta yarda bayanin ƙasa ya ɗauki ƙarin magana bayan sunan mai hira. Don haka na zuba shi duka a ƙarƙashin sunan Baffa. Ya ci kusan rabin shafin. Baffa na tsaye a kaina har na gama, yana bin kowane harafi da ido yadda yake tashi yana faɗawa kan takarda.

Mu uku muka je wajen sakataren. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba Baffa kujera, ya karanta shafin har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce rahoto ya riga ya tafi, an sa hannu, an rushe kwamitin.

Baffa ya ce, "Ga ni da raina. A tambaye ni."

Sakataren ya ce, "Baffa, wallahi na yarda da kai. Amma waccan maganar tana cikin kundin da malamai suka duba suka sa wa hannu. Wannan kuwa yau aka buga ta, bayan an yanke hukunci. In na kai ta, cewa za a yi an roƙe ka ne ka canza baki."

Daga nan Baffa ya ce a kai shi wajen Ɗanjuma. Babur ba zai ɗauke mu mu uku ba, sai ni na bi ƙaramar bas zuwa bakin hanya na ƙarasa da ƙafa. Na iske su sun riga ni, amma Baffa bai shiga ba, yana tsaye daga nesa, jikin ɗaya daga cikin duwatsun siminti. A ƙofar gidan akwai a-kori-kura, an ɗora kwanon rufi da turmi da gadon ƙarfe. Malam Ɗanjuma zai koma wajen danginsa a bakin ruwan Tiga. Ba wanda ke da gonar da zai ba shi a nan.

Malam Hamisu ya durƙusa a gabansa. Ni na yi sallama na ce akwai takardar da nake so ya ji. Ya zauna a kan buhu, na fassara masa bayanin ƙasan tun daga suna har aya ta ƙarshe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, wa kake karanta wa? Ina wurin aka yi. Ni na shafa fatihar."

Ya ɗaga murya ya ce, "Giɗaɗo, ƙaraso mana. Ka tsaya can kamar baƙo."

Baffa ya tako a hankali. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, da tambayar iyali da shanu da gajiyar hanya, kamar ba abin da ya faru. Sai Malam Ɗanjuma ya ce, "Na san ba ka yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba. Da farko na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu ya wuce."

Baffa ya ce, "Ka zauna. In raba maka tawa gonar."

"Taka ta 'ya'yanka ce, kuma ka ga fuskokinsu ranar kwamiti? Ba ka gani ba, ni na gani. Ba zan bar wa nawa 'ya'yan rigima ba." Sannan ya ce, "Wai kifi zan koya da tsufana. Ka taɓa ganin na shiga jirgi?"

Ba wanda ya yi dariya. Direba ya danna ham. Malam Ɗanjuma ya miƙe, ya kama hannun Baffa da hannu biyu, suka yafi juna. Na miƙa masa shafin, ya girgiza kai ya ce in ba mai shi. Baffa ya karɓa ya ninke ya cusa a cikin hularsa. Muna tsaye motar ta bi ta tsakiyar tsofaffin kunyoyin gonar, don yanzu nan ce hanya.

Malam Hamisu ya zama hedimasta daga baya. Malaminsa ya yi ta aiko masa ya dawo ya yi digiri na biyu a kan wannan batu, bai koma ba, kuma bai sake kawo min ko shafi ɗaya ba, ko da yake muna gaisawa har ya bar Yako. Ni na ci gaba da bugu har lokacin da kwamfuta ta iso garuruwanmu, wasu sassan kuma suka daina son bayanin ƙasa, suka koma sa suna da shekara a cikin baka a tsakiyar rubutu. Aiki ya yi ta raguwa har na rufe shagon. Malam Ɗanjuma bai daɗe a bakin ruwa ba. Wani mai sayar da kifi ne ya kawo min labarin rasuwarsa, ya ce ko sau ɗaya bai shiga jirgi ba, raga kawai yake gyara wa jikokinsa, kuma kullum bayansa yake ba ruwan.

Baffa ya rayu wasu shekaru bayan haka. Burtalin ya buɗe, faffaɗa, miƙaƙƙe daga tsamiya har rafi, garkunan ruga duka suna bi ta nan safe da yamma. Ban da nasa. Na je neman man shanu wata rana da la'asar, na tarar ana koro shanu daga mashaya, ƙura ta tashi a kan tudu. Can gefe guda na hango wani ɗan garke ya ware, ya nufi bayan dutse, hanya mai nisa da tsakuwa. Tsoho ne a bayansu, shi kaɗai, yana dogara sanda, yana tsayawa yana hutawa. 'Ya'yansa sun ce sun yi magana har sun gaji. Ta nan ya riƙa bi har ƙafarsa ta daina ɗaukarsa.